Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar NERDC: A Sa Ore, Asaba, Abagana Da Uli A Littafin Tarihin Yaranmu

Zuwa ga Babban Sakatare da masanan da ke tsara manhajar darasin tarihi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku godiya da aka dawo da darasin tarihi makarantunmu bayan shekarun da ya yi a ajiye. Ni tsohon malamin tarihi ne, a gaban allo na yi ƙuruciyata har furfura ta same ni. Mahaifina kuma soja ne, yana cikin Runduna ta 2 da ta yi yaƙin basasa, wanda shi da abokansa ba su taɓa kiransa da wani suna ba sai yaƙin Ojukwu. Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami: idan kuka zo kan wannan yaƙi, ku ba shi wurin da ya cancanta, ku ambaci garuruwan da aka gwabza da sunayensu, ku faɗi abin da ya faru a kowanne.

A shekarun da na yi ina koyarwa, duk ɗalibin da na tambaya game da yaƙin basasa abu uku yake kawo mini: an fara a 1967, an gama a 1970, Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci da yaƙi. Daga nan sai shiru. Watanni 30 na jini da yunwa sun koma layi uku da ake haddacewa saboda jarrabawa. Sauran labarin kuwa yaro yana samunsa, amma a wayarsa, daga bakin wanda ya fi kowa fushi a Facebook. Yaron Kano ya san an kashe Sardauna, bai san abin da aka yi a Sabon Gari ba. Yaron Aba ya san Sabon Gari da Asaba, bai taɓa jin sunan Maimalari ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani, mu kuwa manya mun bar su a haka.

Dole a fara da 1966, kuma a faɗe ta duka. A daren 15 ga Janairu, wasu matasan hafsoshi, cikinsu akwai Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Manjo Emmanuel Ifeajuna, suka kashe Sardauna Ahmadu Bello tare da uwargidansa Hafsatu, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola na Yamma, da ministan kuɗi Okotie-Eboh. A cikin soja an kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Mohammed, da Largema, da James Pam, da Ademulegun, da Shodeinde, da Unegbe wanda shi ɗan ƙabilar Ibo ne. Arewa ta wayi gari babu shugabanninta na siyasa, babu manyan hafsoshinta. Janar Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da masu juyin ba, sannan a 24 ga Mayu ya kafa Doka ta 34 da ta rushe tsarin tarayya. Sai aka fara kiran araba. A 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Badun, da hafsoshin Ibo masu yawa. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba kuma aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwanmu na Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara, waɗanda ba su da hannu a juyin mulkin kowa. A Kano, daga unguwar Sabon Gari har filin jirgin sama aka bi masu neman tsira. Sama da mutum miliyan 1 suka kwashi abin da suka iya suka koma Gabas, can ma aka huce a kan 'yan Arewa mazauna. Ni Bahaushe ne, kuma nakan ji nauyin wannan magana a ƙirjina duk lokacin da na faɗe ta a aji. Amma na riƙa faɗa, don yaron da bai san da ita ba, ba zai taɓa gane abin da ya sa talakan Ibo ya yarda ya mutu da yunwa da dai ya miƙa wuya ba.

Bayan zaman sulhu na Aburi a ƙasar Gana tsakanin Gowon da Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, a Janairun 1967 ya tashi kowa da fassararsa, sai aka zo wata mahaɗa da nake ganin ta fi wasu fagagen daga tasiri, ko da yake ba a harba ko harsashi ɗaya a cikinta ba. A 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, ya tsaga Gabas gida uku. Ijaw da Ogoni suka samu jihar Ribas, Efik da Ibibio da mutanen Ogoja suka samu jihar Kudu maso Gabas. Kwana uku bayan haka Ojukwu ya shelanta ɓallewar Gabas da sunan Biyafara, amma tun kafin ya buɗe baki an riga an ba mutanen bakin teku, waɗanda man fetur da tashoshin ruwa ke ƙasarsu, dalilin tsayawa da Najeriya. Ita ma Arewa an raba ta shida a wannan rana. Yaro ya kamata ya ga taswirar nan, ta kafin 27 ga Mayu da ta bayanta, kafaɗa da kafaɗa.

An fara harbi a 6 ga Yuli 1967 a Gakem, kusa da Ogoja. Gwamnati ta kira shi aikin 'yan sanda, wato za a je a kamo masu tawaye a dawo cikin makonni. Dakarun Kanar Muhammadu Shuwa suka karɓi Ogoja da Nsukka kafin tsakiyar watan, Benjamin Adekunle ya sauka tsibirin Bonny ta ruwa kafin ƙarshensa. A wajen Nsukka aka kashe Nzeogwu yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, kuma gwamnatin tarayya ce ta kai gawarsa Kaduna ta binne shi da girmamawar soja.

Sai Ore. Ranku ya daɗe, idan littafinku zai ɗauki gari ɗaya tak, to wannan ne. A 9 ga Agusta 1967 sojojin Biyafara suka haye gadar Kwara daga Anaca zuwa Asaba, a manyan motoci da motocin kasuwa, kafin faɗuwar rana sun riƙe Benin kusan ba tare da faɗa ba. Gwamnan jihar Tsakiyar Yamma, David Ejoor, ya sha da ƙyar. Wanda ya jagoranci 'yan Biyafaran Bayarabe ne, Victor Banjo. Hanyar Legas a buɗe take, babu rundunar kirki a gabansu. Amma sai suka yi kwanaki a Benin ana musayar saƙonni da Inugu, hedikwatar Biyafara, kan wanda zai mulki ina, kafin su doshi gaba. Da suka isa Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas, gwamnati ta riga ta tattaro duk wanda zai iya riƙe bindiga, an karya gadoji, an tare su. Har yau Yarabawa suna buga misali da zafin faɗan Ore.

Abin da ya sa nake nacewa kan Ore shi ne abin da ya biyo bayanta. Kafin Agusta, mutane da yawa a Yamma da Tsakiyar Yamma suna kallon abin a matsayin rigimar Arewa da Ibo, wadda ba ruwansu da ita. Da suka ga sojan Biyafara a ƙofar gidansu, sai suka yi tururuwa zuwa wuraren ɗaukar soja. Gowon ya daina cewa aikin 'yan sanda, ya ce yaƙi ne gadan-gadan. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba kafin rikicin, sai da ta kai kusan dubu 250 a ƙarshen yaƙi. Duk yaron da ya san Ore, ba zai yarda a ce masa Hausawa ne suka yaƙi Ibo ba. Shugaban ƙasa Gowon ɗan ƙabilar Angas ne Kirista da ya tashi a Wusasa. Mai riƙe da baitulmali Awolowo ne. A bakin daga akwai Tibi da Idoma da Jukun da Barebari da Yarabawa da Edo da Ijaw, har da Isaac Boro, wanda shi da kansa ya taɓa ɗaga tutar ɓallewar yankin Neja Delta a 1966, ya kuma mutu a 1968 sanye da kakin Najeriya. Shi kansa Ojukwu a Zungeru aka haife shi, yana jin Hausa, kuma shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano ranar da aka kashe Sardauna.

Cikin gaggawa aka haɗa Runduna ta 2 aka damƙa wa Murtala Muhammed. A nan mahaifina ya shiga, yana saurayi, horonsa bai wuce 'yan makonni ba. Suka fatattaki 'yan Biyafara, suka shiga Benin a 20 ga Satumba, kwana ɗaya bayan an shelanta wata Jamhuriyar Benin da ba ta ko kwana biyu ba. Ojukwu ya zargi Banjo da Ifeajuna da cin amana, aka harbe su a Inugu tare da wasu mutum biyu. Ita ma Inugu ta faɗa hannun Runduna ta 1 a 4 ga Oktoba, hedikwatar Biyafara ta koma Umuahia.

Yanzu na zo wurin da alƙalamina ke yi mini nauyi. Sojojin tarayya sun shiga Asaba a farkon Oktoba 1967. A ranar 7 ga wata mutanen garin suka fito da fararen tufafinsu na al'ada suna waƙa suna rawa, suna nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, da fatan a daina kashe-kashen da aka fara tun shigowar soja. A dandalin Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, aka binne da yawa a rami ɗaya. Mutanen Asaba ba 'yan Biyafara ba ne, 'yan jihar Tsakiyar Yamma ne, 'yan Najeriyar da aka ce an zo cetowa. Sai da na girma na karanta wannan, na je wa mahaifina da maganar. Ya daɗe yana jan carbinsa bai dube ni ba, sannan ya ce: "An yi abin da bai kamata ba. Allah Ya yafe mana." Bai ƙara ba, ni ma ban sake tayar masa da ita ba.

Na san girman Murtala a zukatanmu, ni ma ina cikin masu ƙaunarsa saboda watanni shida da 'yan kai da ya yi yana mulki. Amma rundunarsa ce ta shiga Asaba, kuma littafin da ya tsallake wannan don kare sunan wani, yaron Asaba zai rufe shi ba zai sake yarda da ko shafi ɗaya a cikinsa ba. Haka kuma dole a rubuta abin da sojojin Biyafara suka yi wa waɗanda ba Ibo ba a Tsakiyar Yamma, da abin da ya samu ƙananan ƙabilun bakin teku da aka riƙa yi wa tambarin masu zagon ƙasa. Su ma 'ya'yan wasu ne.

Daga Asaba ana hango Anaca a ɗaya gaɓar, amma 'yan Biyafara sun riga sun karya gada. Legas ta ba da shawarar a zagaya ta Idah a haye inda babu abokan gaba. Murtala ya zaɓi ya keta kogin kai tsaye. Sau uku ana cika jiragen ruwa da samari ana tura su, sau uku ana komowa da asara. A karon farko sun ma shiga garin, sai aka shagala, 'yan Biyafara suka yi musu zobe, ga kogi a bayansu, yawancinsu kuma 'yan tudu ne ba su iya iyo ba. Mahaifina ya fita da ransa, aminin da suka shiga soja rana ɗaya bai fito ba. Har ya koma ga Allah bai ƙara cin kifin kogi ba. A ƙarshe dai ta Idah ɗin aka bi, aka shiga Anaca a Maris 1968. Kwanaki kaɗan bayan haka, a 31 ga Maris, ayarin motoci kusan 100 ɗauke da sojoji da albarusai da man fetur ya faɗa kwanton ɓaunar Manjo Jonathan Uchendu a Abagana. Tankar mai ta kama da wuta, wutar ta bi ayarin a siririyar hanya, kaɗan ne suka tsira. Makamin da ya yi suna a wannan yaƙi shi ne ogbunigwe, wani irin bam wanda injiniyoyin Biyafara suka ƙera da hannunsu a cikin ƙawanya, kamar yadda suka riƙa tace mai a daji. Ina son yaron Sakkwato ya san waɗannan injiniyoyi 'yan ƙasarsa ne. Ina son yaron Awka ya san waɗanda suka ƙone a Abagana akasari 'ya'yan manoma ne da ba su taɓa ganin kurmi ba sai a wannan tafiya.

Abin da ya yanke hukuncin yaƙin kuwa a bakin teku ya faru. Adekunle ya ci Kalaba a Oktoba 1967, ya ci Fatakwal a Mayu 1968. Daga ranar Biyafara ba ta da tashar ruwa, ba ta da babban filin jirgi, ba ta da matatar mai. Tun a Janairun 1968 gwamnati ta canza takardun kuɗi, tsofaffin fam da ke hannun Biyafara suka zama takarda. Miliyoyin mutane suka cunkushe a ɗan yanki, babu gishiri, babu busasshen kifin da suka saba samu daga waje, babu naman shanun Arewa. Yara suka fara kumburin ciki, gashinsu ya yi ja, ƙafafu suka sirance. Hotunansu suka zagaya duniya. Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya, daga baya Haiti, suka amince da Biyafara, Faransa ta riƙa turo makamai ta bayan fage, Ingila da Tarayyar Sobiyat kuma suna ba Najeriya nasu. An zauna a Kampala, an zauna a Yamai, an zauna a Adis Ababa, ba a cimma komai ba.

Numfashin Biyafara ya koma kan wani yankin kwalta a Uli da aka faɗaɗa ya zama filin jirgi. Da dare jiragen ƙungiyoyin coci ke tasowa daga tsibirin Sao Tome, a kunna musu fitila na ɗan lokaci su sauka a kashe. Ta wannan hanya abinci ke shiga, ta nan kuma makamai ke shiga. Gwamnati ta ce a bi ta ƙasa ko a sauka da rana don a bincika, Ojukwu ya ƙi, yana tsoron guba da kuma rasa hanyar makamansa. Suna wannan ja-in-ja yara suna mutuwa. Ko mafi ƙanƙantar ƙiyasi bai gaza mutum rabin miliyan ba, wasu suna kai shi miliyan 2 ko fiye, kuma yunwa ta fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. Ɗalibin babbar sakandare ya isa a ajiye masa wannan a gabansa a tambaye shi: wane ne ke da alhaki, kuma me kowane ɓangare zai iya yi bai yi ba?

Kada kuma a nuna wa yara kamar tafiya ce sumul daga Gakem zuwa nasara. Adekunle ya ci Aba da Owerri a Satumba 1968, ya kasa kai wa Umuahia. 'Yan Biyafara suka juyo suka yi wa Birged ta 16 ta Kanar Etuk ƙawanya a Owerri na tsawon watanni, ana jefa musu abinci da harsasai daga sama, wasu su faɗa hannun abokan gaba. A Afrilu 1969 suka fasa suka fice, Owerri ta koma hannun Biyafara a makon da Umuahia ta faɗa hannun Runduna ta 1. Wannan koma-baya ne ya sa Gowon ya sauya kwamandoji a watan Mayu, Obasanjo ya karɓi rundunar Adekunle, Bisalla ya karɓi ta Shuwa. A ƙarshen shekarar aka yi yunƙurin ƙarshe. Owerri ta sake faɗuwa a 9 ga Janairu 1970, Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, Philip Effiong ya yi jawabin ajiye makami a 12 ga wata, a 15 ga wata kuma ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas, shekara huɗu cif da daren da aka kashe Sardauna.

Gowon ya cancanci yabo a kan abin da ya biyo baya. Kisan ƙare-dangin da ake tsoro bai faru ba, ba a kafa kotun rataye kowa ba, kuma cikin shekara 9 Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shehu Shagari, wanda shi kuma ya yi wa Ojukwu afuwa a 1982. A garuruwan Arewa da dama akwai waɗanda suka dawo suka tarar maƙwabta sun riƙe musu gidaje har da kuɗin haya. A rubuta wannan. A kuma rubuta cewa an ba mutane da yawa fam 20 kacal a madadin abin da ke asusunsu, da gidajen Fatakwal da aka kira dukiyar da aka yi watsi da ita alhali masu su suna raye.

Na san abin da za ku ce, don na sha jinsa a ɗakin malamai: kada a fama tsohon gyambo, ƙasar ba ta da lafiyar ɗaukar wannan. Ranku ya daɗe, mun yi shiru sama da shekara 50, ku dubi abin da shirun ya haifar. Matasan da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba suna kiran yaƙi a Gabas, a 2017 wasu matasanmu a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa. Ban taɓa jin irin wannan magana daga bakin ɗan mazan jiya ba, na wannan ɓangare ko na wancan. Wanda ya ga Anaca da idonsa ba ya wasa da sunan yaƙi.

Don haka ina roƙonku ku sa taswira a littafin, da kogi da gadoji da hanyoyi, yadda yaro zai bi da yatsansa daga Gakem zuwa Uli. Babi ɗaya ne za a rubuta wa ƙasa baki ɗaya, masanan Zariya da Nsukka da Badun da Fatakwal su zauna tebur ɗaya su yi ta gardama har su daidaita, kada a yi na Arewa daban na Kudu daban. A fassara shi da Hausa da Ibo da Yarabanci, don iyayen da yara za su koma gida su tambaya su ma su iya karantawa. A horar da malamai, domin tsayawa gaban aji mai ɗauke da 'ya'yan kowa ka faɗi Sabon Gari da Asaba ba ƙaramin aiki ba ne, na gwada na sani. Makarantun da ke da hali su kai ɗalibai gidan tarihin yaƙi na Umuahia su ga ogbunigwe da maɓoyar Ojukwu ta ƙarƙashin ƙasa.

Abu mafi gaggawa shi ne muryoyin waɗanda suka gani. Shuwa ya tafi, Adekunle ya tafi, Effiong da Ojukwu sun tafi, Janar Gowon ya haura 90. Ƙaramin sojan da ya shiga yana da shekara 18 a 1967 yau ya doshi 80, haka ma yarinyar da ta yi layin madara a sansanin 'yan gudun hijira ta zama kaka. Ku haɗa kai da jami'o'i da ƙungiyar tsofaffin sojoji, a tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya ƙauye-ƙauye tun bana. Nawa mahaifin ya tafi da nasa labarin, jimla biyu kawai ya bar mini game da Asaba. A unguwarmu saura mutum biyu cikin waɗanda suka haye Kwara tare da shi, ɗaya ido ya tafi, ɗaya kuma sai an ɗaga murya yake ji. Idan kun turo, ni zan raka yaranku har zaurensu.

Allah Ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, ɗan wani sojan Runduna ta 2.